Musa A Baki, Fir'auna A Zuci

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu mun sha dariya da The Simpsons, wasan zane na talabijin ɗin Amurka. A wani kashi na 1993, mugun nan Sideshow Bob yana farautar yaro Bart, ga rubutu a bayan yatsunsa: hannu ɗaya "so", ɗaya "ƙi". A Turanci kowace kalma harafi huɗu ce, amma da yake mutanen zanen yatsu uku gare su ban da babba, sai aka gutsure kalmomin suka koma harafi uku uku. Mun yi dariya. To, mu nawa ne muka san inda aka aro wannan hannu?

An aro shi ne daga The Night of the Hunter, fim ɗin da Charles Laughton ya shirya a 1955. Robert Mitchum ya fito a matsayin Harry Powell, mai wa'azin ƙarya. A kurkuku ya ji labarin dala 10,000 da wani ɗan fashi ya ɓoye kafin a rataye shi. Da aka sake shi sai ya nufi garin, ya yaudari jama'a da daɗin baki, ya auri matar mamacin, ya kashe ta, sannan ya bi marayunta biyu, alhali kuɗin suna cikin 'yartsanar yarinyar. Mutanen gari kuwa sai yaba masa suke yi. Wata tsohuwa ce kaɗai ta gane shi, ta kwana a zaune da bindiga tana tsaron yaran.

Fim ɗin bai yi kasuwa ba, masu sharhi suka kushe shi, Laughton bai ƙara shirya wani ba har ya mutu a 1962. Sai a 1992 Amurka ta sa shi cikin finafinan da hukuma ke adanawa.

Ba mu ga laifin masu ba'a ba, domin ba don su ba da wasunmu ba su taɓa ganin wannan hannu ba. Amma ba'a alama kawai ta ɗauko, gargaɗin kuwa ta bar shi a baya: cewa azzalumi yakan shigo da sunan Allah a baki, kuma manya ne kan buɗe masa ƙofa, yara su sha wuya. Wanda gobe zai riƙe amanar ofis ko ta aji bai kamata wannan darasi ya wuce shi ba.

Mu ma muna da namu da aka manta. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, ya daɗe a ajiye ba mai gani, sai da aka gyara shi aka nuna a Balin a 2018.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu ta ware dare ɗaya a wata don tsofaffin finafinai. A fara nuna na asali, sannan na ba'a, mu yi dariya muna sane da abin da muke yi wa.