Mu Ƙaru da Juna: Sirrin Kaɗa Ruwa Cikin Kwalba

 Karatunmu na wannan wata a kan kaɗa ruwa ne.

A ɗakunan bincike akwai wata kwalba mai faɗin gindi da siririn wuya. Wani Bajamushe, Emil Erlenmeyer, shi ya ƙago ta wajen shekara ta 1860. Ana ɗora ta bisa wani faranti mai aiki da lantarki. Farantin yana zagayawa, kamar yadda mace ke juya ƙwarya in tana regen gero. Yakan yi zagaye 200 a minti guda.

Me ke faruwa a ciki? Ruwan yana bin zagayen. Yana hawa jikin kwalba, ya baje, ya yi sirara. Ta haka yake shan iska da yawa. Abin da ya kwanta a ƙasa kuma sai ya tashi ya gauraye. Shi ya sa ba a cika kwalbar. Sau da yawa kashi 1 cikin 5 ake zubawa. In ta cika, ruwa ba ya samun wurin motsi, iska kuma ta yi kaɗan. In ruwan ya yi kauri ƙwarai, ba ya bin zagayen da kyau.

Da wannan dabara masana ke kiwon ƙwayoyin halitta masu amfani. Misali, waɗanda ke zaune cikin ƙululun saiwar wake da gujiya, suna ba shuka taki daga iska. Wake da gujiya suna cikin abin da cibiyar INRAN ta Tarna, nan Maradi, ke bincike a kai. An kafa INRAN a 1975.

To, ina amfaninmu a nan?

Makiyayin Tibiri: farin maganin tsutsar ciki yana kwantawa a gindin kwalba. In ba ka kaɗa ba, akuyar farko ta sha ruwa-ruwa, ta ƙarshe ta sha fiye da ƙima. Kuɗi sun tafi, tsutsa na nan. Ka kaɗa sosai kafin ka ba da, ka sake kaɗawa in ka daɗe.

Mai lambu a Jiratawa: kada ka cika tankin feshi tun farko. Zuba ruwa rabi, sa magani daidai awo, rufe, jujjuya, sannan ka cika. Kada ka dama da hannu.

Wanda ya karanta ya gaya ma wanda bai karanta ba. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.