Ranar da Ƙafa ta Gaji, Me Zai Rage wa Ɗanki?

Na san akwai gidan da a daren jiya aka yi faɗa saboda ƙwallo: yaro ya dawo bayan magariba, ƙafa duk ƙura, aikin makaranta ko buɗe shi bai yi ba, kuma da kin yi magana sai ya ce shi fa ɗan ƙwallo zai zama. Kafin ki ɓoye takalmin nan, bari in ba ki labarin marigayi Stephen Keshi.

An haife shi a 1962. Ɗan wasan baya ne. Ya fara a ƙungiyoyin gida Najeriya, ya wuce Kodebuwa, daga baya ya tafi Anderlecht ta ƙasar Beljiyam, sannan Strasbourg ta Faransa. Shi ne kyaftin ɗin Super Eagles lokacin da suka ci Kofin Afirka a Tunisiya a 1994. To, amma ƙwallo sana'ar ƙuruciya ce. Yawancin 'yan wasa kafin su kai shekara arba'in ƙafa ta ce ta gaji, alhali iyali na nan suna jiran cefane.

Abin da ya cece shi shi ne bai yi zaman ƙasashen waje da ƙafa kaɗai ba. Ya koyi Faransanci, ya kuma nemi ilimin horar da 'yan wasa. Shi ya sa ƙasar Togo, inda Faransanci ne harshen hukuma, ta ba shi aikin koci, ya kuma samo mata gurbin Kofin Duniya na 2006, karo na farko a tarihinta. Sai dai kafin a je gasar aka sallame shi, wani ya tafi da yaran da ya sha wahala a kansu. Wani da zuciya ta kashe shi. Keshi ya haƙura, ya horar da Mali, sannan a 2011 aka ba shi Najeriya.

A 2013 ya ɗauki wasu yara masu wasa a gida waɗanda ake raina wa, ya tafi da su Afirka ta Kudu. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da aka doke Burkina Faso da ita a wasan ƙarshe. Keshi ya zama mutum na biyu da ya ci wannan kofi yana ɗan wasa, ya sake ci yana koci, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar. Ya rasu a 2016 yana da shekara 54.

Uwargida, cikin yaran da ke buga ƙwallo a unguwarku, 'yan ƙalilan ne za ta ciyar. Ko wanda ta ciyar ɗin, na ɗan lokaci ne. Hana shi da tsiya kuwa ɓoye-ɓoye zai koya masa. Gara ku yi yarjejeniya: fili bayan an gama karatu da Islamiyya, gida kafin magariba. Ki san wanda ke horar da shi, ki san abokansa. Ranar da aka ajiye shi a benci ya dawo yana huci, ki zaunar da shi ki ba shi labarin Togo.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.