Fita daga likita ba ita ce warkewa ba

Ranar da aka sallami majinyaci daga gidan likita, dangi kan taru a yi barka, a ce ya warke. Amma wanda ciwon huhu mai tsanani ya kwantar ya san da sauran aiki. Annobar Covid-19, wadda ta shigo Nijar ranar 19 ga Maris 2020, ta nuna wannan ƙarara: mutum ya fito asibiti da ƙafarsa, amma daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya yana haki.

Abu biyu ne ke kawo haka. Na farko, huhun da ƙwayar cuta ta kumbura yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya koma daidai. Na biyu, kwanciya tana cin nama: majinyacin da ke ɗakin kulawa ta musamman yakan rasa kusan kashi 2 cikin 100 na tsokarsa kowace rana a makon farko. Har tsokar da ke jawo numfashi ba ta tsira ba.

A nan ne mutane kan faɗa ɗayan ramuka biyu. Ɗan kasuwa, saboda tsoron kada abokan ciniki su watse, ya koma rumfa cikin sati guda yana ɗaga buhu, washegari ya sake zubewa. Ma'aikaci kuwa ya ƙare konjensa bisa tabarma, iyali na hana shi ko ɗaukar buta, ƙarfinsa na ƙara tsiyayewa. Dukansu biyu sun yi asara.

Tsakanin ramukan nan ne aikin mai kine yake. Jama'a sun ɗauka tausa ce kawai ta masu karaya da shanyewar jiki, alhali kuwa har numfashi yake koyarwa: a shaƙi iska ta hanci, a fitar da ita sannu ta baki, leɓe a tsuke kamar mai hura koko, fitarwar ta ninka shaƙar tsawo. Yana koya yadda ake tari a fidda majina ba tare da galabaita ba. Yakan auna nisan da mutum zai taka cikin minti 6, da na'urar awon oksijen a yatsa, sannan ya tsara masa tafiya da tashi-zauna bisa kujera, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Akwai ƙa'ida: wanda ke atisaye ya iya magana ba tare da numfashi ya sarƙe masa ba. In ciwon ƙirji ya zo, ko jiri, ko zuciya ta riƙa bugawa fiye da kima, a tsaya a ga likita. Wasu kuma gajiyar ba ta kama su sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Irin waɗannan ragewa za su yi, ba ƙarawa ba. A shekarar 2021 hukumar OMS ta bayyana cewa alamun da ke nan wata 3 bayan kamuwa, suka kuma daɗe aƙalla wata 2, ciwo ne na gaske, ba lalaci ba.

OMS ta ɗage dokar ta-ɓacin annobar a watan Mayu 2023, amma mura mai tsanani da ciwon huhu suna nan, ƙurar hunturu kuma ba ta sassauta wa mai raunin ƙirji. Saboda haka shugaban biro da uban rumfa su yi wa mai komowa sauƙi: rabin wuni tukuna, aiki marar nauyi. Hausawa dai sun riga sun faɗa: sauri ya haifi nawa.