Sauƙin Ya Kai Ga Manomin Kadawa

Sanin kowa ne kuɗin mota na cin babban rabo daga ribar tumatirin Kadawa, tun daga Kwanar Gafan har kasuwar Mile 12 ta Ikko. Kamfanoni irin su Kobo360 sun kawo tsarin da mai kaya zai nemi mota da kansa ta wayar hannu. Wannan yana rage wa kamfanin sufuri albashin akawu, da la'adar 'yan kamasho, da hasarar komowar mota wayam.

A ganinmu bai kamata sauƙin ya tsaya a aljihun kamfani ba. Muna kira ga ƙungiyoyin manoma su zauna da masu motoci a rage kuɗin dakon kowane kwando. In ba haka ba, an koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.