Shayin la'asar da abin da gonarmu ta ba mu

A wannan fitowa maganarmu a kan shayi take, da abin da ake ci ko ake sha tare da shi.

A birnin Yamai, da zarar rana ta yi sanyi, sai a hura gawayi. Daga Bukoki zuwa Yantala, daga Talaje zuwa Gamkale, da wuya ka wuce layi guda ba ka ga buta bisa wuta ba. Matasa suna fadarsu, magidanta suna ƙofar gida, mata suna tsakar gida da baƙinsu. Ba mu da faɗa da wannan al'ada, domin a wurin shayi ake jin labarin ɗan'uwa, a nan ake sasanta maƙwabta. Abin da ya dame mu shi ne farantin da ake ajiyewa kusa da butar. Ku duba shi da kyau: burodi ne, ko biskit na cikin leda, ko lemun kwalba. Ganyen shayin daga ƙasar Sin ya zo. Sukarin daga waje ya zo. Fulawar ma haka, domin alkamar da ake nomawa a lambunan Ayar da fadamun Ƙonni ba ta kai ta ciyar da ƙasa ba. In ka cire ruwa da gawayi, kusan babu abin da ƙasarmu ta sa a cikin wannan zama.

Ra'ayinmu shi ne: ganyen shayi dai ba ya tsira a Nijar, sai mu haƙura mu saya. Amma abin da za a ci da shi, wannan kam ya kamata ya fito daga gonarmu, a kuma yi shi a gidajenmu.

Dalili na farko aljihu ne. Dattawanmu ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Cikin kwana ɗaya duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin alkama a duniya. A 2023 aka rufe iyakar Benin, kayan da ke zuwa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka tsaya. Sau uku ke nan abin da ya faru nesa da mu ya shigo har cikin madafarmu. Gidan da ya saba da masa da ƙosai bai ji zafin abin ba kamar gidan da yaransa ba su san komi ba sai burodi.

Mu yi ɗan lissafi tare. A ce magidanci yana kashe dala 40 kullum a kan biskit da lemun kwalba. A wata ɗaya jika 6 ke nan. A shekara jika 73. Kowa ya je kasuwar Katako ko Wadata ya tambayi tiya nawa ta hatsi ko ta wake wannan kuɗi zai saya bayan girbi. Kuɗin hatsi da wake kuwa hannun manomin Doso ko na Tilaberi suke komawa, wato hannun ɗan'uwanmu.

Kuma ba mu rasa abin yi ba. Nijar da Najeriya su ne kan gaba a noman wake a duniya duka, amma wakenmu mai yawa waje ake kai shi, mu kuwa mu sayi fulawa. Muna da hatsi da dawa. Muna da gujiya da riɗi. Jihar Maraɗi ta shahara da noman aya. Iyayenmu mata sun san yadda ake juya waɗannan su zama masa, ƙosai, ƙuli-ƙuli, dakuwa, nakiya da kantun riɗi. A wajen abin sha akwai kunun gujiya, kunun tsamiya, kunun aya, zoɓo, ruwan ɗiyan kuka, da lemu-hari na citta da lemun tsami wanda duk ɗan Yamai ya sani.

Dalili na biyu shi ne jiki. Biskit fulawa ne da sukari da mai. Yana cika ciki na ɗan lokaci, sai yunwa ta dawo. Wake kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa abin gina jiki ne, wato ya ninka na fulawa. Yaron da ya dawo daga lakkol ya ci ƙosai biyar da kofin kunun gujiya, ya ci abinci na gaske. Masa ma tana da wani amfani da ba kowa ya sani ba. Ƙullun da ya kwana ya yi tsami yana sakin sinadarin ƙarfen da ke cikin hatsi, jiki ya fi samun damar ɗaukarsa. Wannan sinadari shi ne jiki ke yin jini da shi.

A nan za mu ɗan tsaya, domin maganar jini ita ce ta fi nauyi. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna yara ƙanana 7 cikin 10 suna da ƙarancin jini, mata kuma kusan rabinsu. Macen da jininta ya yi ƙaranci kullum a gajiye take, tana jiri, haihuwa kuma takan zo mata da hatsari. Yaron kuwa ba ya da kuzari, karatu ma ba ya zama masa a kai. To, a cikin ganyen shayi akwai wani abu, shi ne mai sa ɗaci da ɗaure baki, wanda ke kama sinadarin ƙarfen da ke cikin tuwo da wake da ganye, ya hana shi shiga jini. Mu kuwa mun saba, ana ɗauke kwanon abinci sai a ce a kawo shayi don abinci ya faɗa. Gwargwadon ƙarfin shayin, gwargwadon asarar. Maganin abin ba shi da tsada ko kaɗan: a bar aƙalla awa ɗaya tsakanin babban abinci da shayi. Mace mai ciki da mai shayarwa su fi kowa kiyaye wannan, kuma kada su haɗiye ƙwayar ƙarin jini ta gidan likita da shayi. Yara ƙanana kada a ba su shayi mai ƙarfi. Jariri da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi.

Wani zai ce: to, ai ƙosan da kuke yabo ma da shayi za a ci shi. Gaskiya ne, kuma saboda haka ne muke son a raba faranti biyu. Manya maza masu lafiya su sha shayinsu da la'asar, su ci dakuwa ko ƙuli-ƙuli, babu laifi, tunda sun ci abincin rana tun ɗazu. Yara da mata masu ciki kuwa a ba su nasu ƙosan da ruwan ɗiyan kuka ko lemu-hari. Ɗiyan kuka da lemun tsami suna da bitamin C, shi kuma aikinsa kishiyar na shayi ne, yana taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe.

Manoma ma suna da rabo a cikin wannan magana. A 2018 aka fito da wani irin hatsi a Nijar mai suna Chakti, wanda ya fi hatsin da muka saba yawan sinadarin ƙarfe, kuma yana nuna da wuri. Masu bincike na ICRISAT, masu tasha a Sadore kudu da Yamai, su suka samar da shi tare da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN. Mai gona ya tambayi malamin gona na yankinsa labarin wannan iri. Kunu da masar da aka yi da shi sun fi amfani ga yaro.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Abu ba ya zama lafiyayye don kawai a gida aka yi shi.

Sukari shi ne babban abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 na sukari a yini, wato ƙaramin cokali 12, kuma in ya tsaya a 6 ya fi. Gwangwani ɗaya na lemun kwalba yana da kusan cokali 9. Yanzu mai karatu ya ƙirga cokali nawa ake zubawa a buta tun daga kofin farko har na uku, sa'an nan ya tuna wasu sau uku suke hura wuta a yini. Zoɓon da aka cika wa sukari har cokali ya kusa tsayuwa a ciki bai fi na kwalba da komi ba. Yawan sukari yana cin haƙora, yana kawo ƙiba, ƙiba kuma tana buɗe wa ciwon sukari da hawan jini ƙofa. Waɗannan cututtuka da muke ce wa na masu kuɗi, yau suna gidan talaka. Amfanin abin gida shi ne cokalin yana hannun uwargida. Ta rage kaɗan kowane mako, harshe zai saba. Kunun aya da ƴan dabino a ciki ba ya bukatar sukari sam.

Sai gujiya. Wadda ta sha damshi a gona ko a rumbu takan yi fumfuna, fumfunar kuma tana barin guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta a hankali har ta kai ga sankara, tana kuma tauye girman yara. Wuta ba ta kashe wannan guba. Ko an soya, ko an dafa, tana nan. Don haka kafin a yi ƙuli-ƙuli ko kunu, a baza gujiya a faifai, a tsince duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta sake launi, ko ta huje, a zubar. Kada a ce asara ce a ba yara su ci. Manomi kuma ya tone gujiyarsa a kan kari, ya shanya ta ta bushe sarai, ya ajiye buhu bisa itace, nesa da ƙasa da bango.

Man suya in ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi tun bai yi zafi ba, ya gama aiki. Ƙosai mai zafi kuma a zuba shi a kwano mai murfi. Takardar buhun siminti da tsohuwar jarida ba wurin abinci ba ne.

Ruwa kuwa shi ne rayuwar abin sha na gida. Shayi da kunu sun tafasa, ba su da matsala. Zoɓo da kunun aya da lemu-hari su ake sirkawa da ruwan sanyi, a sa ƙanƙara, a ɗura a tsofaffin robobin da aka tsinto. A nan zawo yake shiga. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 5000 a ƙasarmu. A tafasa ruwan sirki, ko a sa masa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a takardarta, a jira minti 30. A wanke hannu da roba da sabulu. Kunun aya ba ya jimrewa zafin Yamai. Wanda aka yi da safe, in babu firji, a shanye shi a ranar.

Saura magana ɗaya, kuma mata ne za su kawo ta. Za su ce: ku maza kun iya faɗi, amma wa zai surfa waken, wa zai kai niƙa, wa zai tsaya gaban kasko? Burodi kuwa yaro ake aika ya sayo. Wannan ƙorafi yana kan hanya. Mace a birni tana kasuwa, tana wurin aiki, itace da gas kuma da tsada. Ba mu ce kowace rana kowane gida ya soya ƙosai ba. Dakuwa da ƙuli-ƙuli da kantun riɗi da nakiya ana yin su sau ɗaya, a rufe a gwangwani, su yi kwanaki. Kantu ma ba shi da wuya: a wanke riɗi, a shanya, a soya shi sama-sama ba mai, a narka ɗan sukari ko zuma, a juya, a baza a faranti, a yanka tun da ɗumi. Mai son fanke kuma ta gwada sa awo ɗaya na garin hatsi mai laushi a cikin awo huɗu na fulawa. Zai tashi, an kuma rage fulawa.

Gidan da ba shi da lokaci, ya saya wurin maƙwabciya mai tsabta, wadda ake ganin kaskonta da ruwanta da ido. Tun 1991 ƙungiyoyin Mata Masu Dubara suka faro a jihar Maraɗi, mata suna tara kuɗi mako-mako suna ba juna rance, kuma jarin da yawa daga cikinsu irin wannan sana'a ce ta suya da kunu. Su kuma matasan fada, da suke haɗa kuɗin ganye da sukari da gawayi kowace rana, su ware kason biskit su aika gidan mai dakuwa na layinsu. Magidanci kuma in zai ba da kuɗin cefane, ya sa kuɗin niƙa da na mai a ciki, kada ya bar wa uwargida.