Dokar Tsaron Amurka da Batun Tsare Mutum Ba Shari'a

Kowace shekara Majalisar Dokokin Amurka takan zartar da dokar da ke tsara kuɗin da za a kashe wa sojoji, kuma galibi ba mai kula da ita sai 'yan kwangila da hafsoshi. Amma wadda Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu ran 31 ga Disamba, 1 ga shekara saura kwana guda, a 2011, ta tayar da ƙura, saboda wani sashe nata mai lamba 1021.

Sashen ya tabbatar wa shugaban ƙasa ikon sa sojoji su tsare duk wanda ake zargi da zama ɗan Alka'ida ko Taliban ko ƙungiyoyin da ke tare da su, ko kuwa ya ba su taimako mai yawa, ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, har sai yaƙi ya ƙare. To, a nan gizo ke saƙa. Yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa yana da ranar ƙarewa, a sa hannu a takarda, a mayar da fursunoni gida. Yaƙi da ta'addanci kuwa ba shi da wanda zai sa hannu, watau tsarewar tana iya zama ta muddin rai. Haka nan dokar ba ta fayyace abin da ake nufi da "taimako mai yawa" ba.

Masu goyon bayan dokar sun ce ba ta zo da sabon abu ba, ikon nan yana cikin ƙudurin da Majalisa ta zartar a Satumba 2001 bayan harin Niu Yok da Washinton. Shi ma Obama ya yi alkawarin gwamnatinsa ba za ta tsare ɗan Amurka haka ba. Sai dai alkawarin shugaba ba ya ɗaure wanda zai gaje shi.

Wani ɗan jarida, Chris Hedges, da waɗansu marubuta sun kai ƙara, suna cewa hirar da sukan yi da 'yan tawaye tana iya jefa su cikin tarkon. Mai shari'a Katherine Forrest ta ba su gaskiya, ta hana aiki da sashen a Satumba 2012. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013, bisa dalilin cewa masu ƙarar ba su nuna haɗarin ya fuskance su ba, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron maganar a 2014. Ke nan an kori ƙarar ba tare da an taɓa ainihin tambayar ba.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne hujjar da ake kafawa, wai kotunan farar hula ba za su iya da irin waɗannan mutane ba. Mu a Nijeriya mun ga akasin haka. Umar Farouk Abdulmutallab, wanda ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin sama a kan hanyar Ditroit ran 25 ga Disamba 2009, kotun tarayya ta farar hula ce ta yi shari'arsa. Ya amsa laifi a Oktoba 2011, aka ɗaure shi rai da rai a Fabrairu 2012. Alhali kuwa Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake tuhuma da shirya harin 2001, an kama shi tun 2003, shekara ashirin suka wuce kotun soja ba ta yanke masa hukunci ba. Ɗaya daga cikin dalilan jinkirin shi ne gallazawar da jami'an leƙen asiri suka yi masa, wadda ta ɓata shaidar da aka samu daga bakinsa.

Sansanin Gwantanamo da ke tsibirin Kyuba, wanda aka buɗe a Janairu 2002, ya ɗauki mutum wajen 780, kuma mafi yawansu an sallame su ba tare da an taɓa tuhumarsu da wani laifi ba. Obama ya ba da umurnin rufe shi a 2009, amma irin waɗannan dokokin kuɗin soja ne Majalisa ta riƙa amfani da su ta hana kawo fursunonin cikin Amurka. A Janairu 2025 mutum 15 suka rage a can.