In Ganga Ta Cika Zaƙi

A hutun kaka da ya wuce, waɗansu daga cikinmu mun halarci wani bikin aure a wani ƙauye tsakanin Wurno da Raba. An ɗauko makaɗan kalangu da masu ganga, an kuma yi hayar janareta da lasifika biyu masu bakin kakaki, aka ɗaure su a kan dogon yaro. Da makaɗan suka fara gwada hannu kafin a tayar da inji, sai muka ji amon ganga yana dukan ƙirjinmu, kalangu kuwa yana kiran taken manoma sarai. Amma da aka kunna na'ura, mai kayan ya murɗa maɓallin ƙara har iyakarsa, sai kiɗin nan ya koma kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Ƙara ta kai ƙauye na gaba, amma kiɗin bai kai kunnen wanda ke zaune a gaban makaɗan ba. Wannan shi ne abin da muke so mu yi tsokaci a kansa, domin ba a nan kaɗai muka gan shi ba. Haka abin yake a Goronyo ranar kasuwa, haka yake a wajen suna da taron siyasa.

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai wannan ciwo ya kama. Makaɗan Turai da Amurka sun daɗe suna fama da shi, musamman masu kaɗa babbar jita mai kaurin murya, wadda suke kira bes. Ita ce gindin kiɗinsu, kamar yadda ganga take a wurinmu. Tsirkiyarta mafi kauri tana girgiza kimanin sau 41 a daƙiƙa ɗaya, alhali ta ƙaramar jita tana yin 82. Makaɗan nan suna son muryar jitarsu ta yi kaushi, don haka sukan bi da ita ta cikin wani ɗan akwati da ake takawa da ƙafa. Abin mamaki, wannan ɗabi'a ta yaɗu ne daga kuskure. A waƙar Marty Robbins mai suna “Don't Worry”, wadda ta fito a 1961, na'urar ɗaukar murya a birnin Nashbil ta sami matsala, muryar jitar Grady Martin ta fito a gurje, jama'a kuwa suka so ta haka. A 1962 kamfanin Gibson ya fara sayar da akwatin Maestro Fuzz-Tone mai yin wannan kaushi da gangan.

To, ina asarar take? Akwatin yana cusa wa amo ƙarfin da ya fi hanyarsa, sai a aske kan amon, ya tashi daga mai santsi ya zama mai kaifi. Askin nan yana haifar da ƙananan muryoyi masu tsini a sama, yana kuma daidaita bugu mai ƙarfi da bugu mai taushi har su zama ɗaya. Bugu da ƙari, yawancin akwatunan an ƙera su ne domin ƙaramar jita. Shahararren nan Tube Screamer na kamfanin Ibanez, alal misali, yana fifita muryar tsakiya ya bar ta ƙasa a baya. Mai bes ya taka, ya ji kansa ya yi zafi, amma masu rawa su ji ƙasa ta zame musu.

Maganin da suka gano ba jefar da akwatin ba ne. Raba amon suka yi gida biyu. Kashi ɗaya, watau muryar ƙasa, a bar shi ya wuce garau ba a taɓa shi ba; ɗayan a gurje shi yadda ake so, sa'an nan a gauraya su da awo. Shi ya sa akwatunan da aka ƙera domin bes, irin su ODB-3 na Boss, suke da maɓalli na musamman domin wannan gauraye. Ƙwararrunsu kuma sukan ce a rage zafi, domin kaɗan ya isa, kamar barkono a miya.

Mu da muka tashi a ƙasar Rima ya kamata mu fi kowa gane wannan hikima, domin kakanninmu sun riga Turawa saninta. Don me makaɗin kotso ko na taushi yake manna nake a tsakiyar fata, in ba don muryar ta yi nauyi ta sauka ƙasa ba? Duk wanda ya saurari Ibrahim Narambaɗa, ko Salihu Jankiɗi, ko Musa Ɗanƙwairo a “Mai Dubun Nasara” da ya yi wa Sardauna, haifaffen Raba, ya san kiɗin fada ba ya ihu. A hankali yake tafiya, amshi na hawa a kansa kamar soro a kan harsashi. Kalangu kuwa magana yake yi. Makaɗi na matsa tsirkiya a hammata, murya na hawa tana sauka kamar harshen Hausa kansa, mai take ya ji an kira shi ya miƙe. In aka cusa kalangu uku da ganga da mawaƙi a makirfo ɗaya, aka murɗa har ƙarshe, muryoyin sai su taka juna, maganar ta dagule. Ita kuwa lasifika mai bakin kakaki an yi ta ne domin sanarwa, ba ta da cikin da zai ɗauki amon ganga.

Mun san za a ce mana samari ƙara suke so, mai kaya kuma abincinsa yake nema, wanda kayansa suka fi amo shi ake kira gobe. Gaskiya ne, ba mu kuma ƙi kaushi ba. Makaɗan jita na Agadas irin su Bombino da Mdou Moctar sun zaga duniya da jita mai gurjin murya, amma duk mai kunne zai ji ganga da bes suna tsaye daram a ƙarƙashinta. Abin da muke tsoro shi ne yaron da bai taɓa jin kotso ba sai ta fasasshiyar lasifika ko ta wayar hannu. Zai girma yana zaton kiɗin iyayensa hayaniya ne, ya raina shi. Ga shi rashin tsaro ya rage tarukan dare a gabashin Sakkwato, ɗan abin da ya saura bai kamata mu ɓata shi da hannunmu ba.

Saboda haka muna kira ga masu hayar kayan sauti da su ware wa mawaƙi makirfonsa, ganga nata, su nemi lasifika mai akwati domin muryar ƙasa, su kuma tsayar da maɓalli tun kafin amo ya fara tsagewa. In dandali ƙarami ne, a bar ganga ta yi da kanta, ai ta cika fagen fama tun ba a san lantarki ba. 'Yan'uwanmu ɗalibai masu karatun kimiyya da injiniya, wannan aikinku ne in kun koma gida hutu: ku zauna da masu kayan nan cikin ladabi ku nuna musu, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Masu nazarin Hausa kuma su ɗauki muryoyin makaɗan da suka rage da na'ura mai kyau tun suna raye.

Magabata sun ce in ganga ta cika zaƙi, fashewa za ta yi. Allah ya sa mu gyara tun ba ta kai ga haka ba, amin.